Ni da Surukina da Gajeren Zango

Wata bakwai da aurenmu maigidana ya tafi Libiya. Magini ne, kuma a ƙauyenmu na ƙasar Mashi aikin gini sai da rani, shi ma ba kullum ba. Abokansa biyu sun riga shi tafiya, suka aiko cewa akwai aiki. Da aka gama shigar da gero rumbu ya ɗaure kayansa, wani maƙwabcinmu ya zo da babur zai kai shi Kongolam, bakin iyakar Nijar. Da zai fita ya sauko da rediyonsa daga kan taga ya ajiye mini a bakin gado. Ya ce, "Ga wannan, ya riƙa ɗebe miki kewa." Na kau da kai, domin Inna, mahaifiyarsa, tana tsaye a ƙofa.

Lokacin shari'a ba ta daɗe da farawa a jiharmu ba. An daina kiɗan dandali, da yamma gari sai ya yi tsit. Wayar hannu kuwa ba ta iso mu ba tukuna. Labarin matafiyi sai in wani ya dawo daga can.

Tasha ɗaya na sani, ta jiharmu, kuma a nan ya bar allurar rediyon. Wata rana bayan azahar ina goge rediyon da tsumma sai hannuna ya ture wani ɗan maɓalli a gefe. Waƙar da ake yi ta ɗauke, wani shuu ya maye gurbinta. Na tsorata, na ɗauka na lalata shi. Ina ta murɗawa sai muryar wani mutum ta ɓullo da Larabci, tana zuwa tana komawa. Larabcina na Islamiyya ne, kalma ɗaya ko biyu kawai na tsinta. Amma na zauna a ƙasa na ƙanƙame rediyon, ina cewa a raina irin wannan magana yake ji yanzu in ya je sayen burodi. Da muryar ta ɓace na shiga jijjiga shi, har da ɗan duka.

"Kada ki doke shi, 'yar nan. Ja sandar nan sama."

Muryar surukina ce daga bayan katanga. Ɗakina yana jingine da katangar da ta raba cikin gida da inda yake ɗaure bijimansa, kuma a nan yake shimfiɗa buzunsa ya huta. Tun da aka kawo ni gidan, ban da gaisuwar safe da nake durƙusawa in yi, magana ba ta taɓa haɗa mu ba. Kunya ta kama ni kamar in nutse. Na ja eriyar, Balaraben ya dawo.

Ya ce, "Wannan shi ake kira gajeren zango. Na nesa yake kamowa."

Daga baya Inna ta ba ni labari. Baba, surukin nawa, ya yi shekaru yana fataucin shanu tsakanin Nijar da kudu, rediyo a rataye a kafaɗarsa duk inda ya je. Da yanar ido ta kama shi ya daina ganin lambobin, sai ya ba da nasa kyauta, bai sake zancen ba.

Washegari Inna ta shigo da wata siririyar waya a nannaɗe, ta ce in ɗaura bakinta a kan eriya in miƙo sauran ta taga. Shi da kansa ya laluba ya ɗaura ɗaya bakin a reshen darbejiya. Daga ranar karatu ya fara, yana can ina nan, ba mai ganin wani.

"Ina allurar take?"

"Tana kan talatin da ɗaya, Baba."

"Da rana ba za ki samu masu Hausa a nan ba. Koma ashirin da biyar, ki riƙa tafiya a hankali kamar mai zaren auduga. Tsaya. Kin wuce. Ɗan dawo."

Sai ga Hausa tangaram daga wata ƙasa da ban taɓa jin sunanta ba. Ya koya mini cewa bayan sallar asuba mita arba'in da ɗaya da arba'in da tara ake nema, da rana kuwa a koma ƙananan lambobi. Ya ce in batir ya yi sanyi in shanya shi a rana, zai ƙara kwana biyu. Na samu ragowar jan farce na riƙa ɗiga alama a kan gilashin duk inda na kama wata tasha. Kafin damina ɗigon ya kai goma sha ɗaya. Akwai 'yan Sin masu Hausa da wata irin murya mai lanƙwasa, Inna ta riƙa zuwa musamman don ta ji su ta yi dariya. Ni kuwa duk labarin da aka fara, kunnena na jiran a ambaci ƙasar da yake.

Wata safiya aka ambata. Aka ce wata mota ta lalace da mutane a cikin sahara, ba a faɗi ko su wane ne ba. Na fara rage murya zan kashe. Baba ya ce, "Bari mu ji ƙarshensa." Muka ji har aka gama. Sannan ya ce, "Shi ai ya daɗe da wuce nan." Na ji yana jan carbi har rana ta ɗaga, ranar bai fita gona ba.

Shi ya ce in rubuta wasiƙa zuwa shirin gaishe-gaishe na wata tasha da leburori ke yawan saurare. Na ce ina jin nauyi. Ya ce, "To rubuta da sunana, ki sa naki a ƙarshe." Ya faɗa na rubuta, layi huɗu kacal, ya ba wani direba ya sa a gidan waya a Daura. Muka yi wata uku muna jira. Ranar da aka karanta ina tankaɗe, na ji sunan Baba da na ƙauyenmu, na saki rariyar. Mai karantawa ya ce suna gaishe da ɗansu magini, gida lafiya, an yi shuka. Sai ya faɗi sunana. Daga bayan katanga ban ji komai ba, sai gyaran murya sau biyu.

Baba ya rasu a ƙarshen damina ta biyu, bayan zazzaɓi na kwana shida. Na yi kwana arba'in ban kunna rediyon ba. Da na kunna kuma, duk lokacin da na wuce tasha sai in tsaya ina jira a ce mini in ɗan dawo.

Maigidana ya dawo bayan rasuwar da wata biyar, ya rame, ya yi baƙi. A Kongolam aka gaya masa. Da masu gaisuwa suka ragu ya shigo ɗaki ya zauna a bakin ƙofa. Ya ce wata rana a can Libiya suna kan wani bene da ba a gama ba, su tara suna cin abinci, rediyon wani Bazazzagi a kan bulo, sai ya ji sunan mahaifinsa. Ya ce ya tashi tsaye da kwano a hannu, abokan suna ta ihu suna dukan bayansa, shi bai ma ji ƙarshen ba.

Ya tambaye ni, "Baba ya ji lokacin da aka karanta?"

Na ce, "Ya ji. Yana nan zaune."

Ya sunkuyar da kai. Can Inna ta kira daga tsakar gida cewa tuwo yana hucewa, na tashi na je na ɗauko masa.