Kaset a Gwangwanin Shinkafa

Tun ranar da na kama shagon ɗinki a unguwar New Bell ta Douala nake jin ƙarar nan ta cikin katanga. Katangar ma ta katako ce, ko atishawa maƙwabci ya yi sai ka amsa masa. Ƙarar kuwa ba kiɗa ba ce, ba wa'azi ba, wata irin tsuwwa ce mai shiga haƙori, kamar ana goga ƙusa a jikin kwano. Na haƙura na haƙura, ranar da na gaza na ajiye almakashi na zagaya da niyyar yin rashin mutunci. Sai na tarar da dattijo cikin farar riga mai dogon hannu, tabarau a kan hanci, ya zuba wa wata tsohuwar talabijin ido. Bai ko waiwayo ba ya ɗaga mini hannu, ya ce, "Attends, dakata ɗan Najeriya, yana zuwa." Ba abin da ya zo. Haka na san Malam Hammadu.

Haifaffen Douala ne, kakansa ne ya zo da fataucin goro ya zauna. Ya yi bokon Faransanci, ya yi aikin akawu a wani kamfanin ajiyar kaya a unguwar Bassa, har yau in zai yi magana sai ya gyara wuyan riga. Hausarsa rabi Faransanci ce, amma ni da na zo daga Zariya yake yi wa gyara. Da kamfanin ya rufe sai ya buɗe shagon gyaran rediyo, a daidai lokacin da mutane suka daina kawo rediyo gyara. Sa'arsa ke nan a komai.

Abin da ke ƙarar wata na'ura ce mai maɓallai kamar tafireta, wadda wani maigidansa Bature ya bar masa da zai koma ƙasarsu. Ana jona ta da talabijin, a jona mata rikoda. Wasanninta a kaset suke, irin kaset ɗin da muke sa waƙa. In an kunna, na'urar ta yi ta sauraron tsuwwar nan har ƙarshe, sannan wasa ya fito a talabijin. In ta rasa ko ƙiris a hanya, sai ta tsaya, a koma farko.

Kaset ɗaya ne yake sa mata, kuma ba na Bature ba ne. Na ɗansa ne, Amadu, ɗan fari kuma shi kaɗai Allah ya ba su. Yaron tun yana ɗan sakandare ya maƙale wa na'urar, ya bi littafin da ta zo da shi har ya haɗa nasa wasan da kansa: kwalekwale ne zai ƙetare kogin Wouri yana kauce wa itatuwan da ruwa ya ɗebo. Ya naɗe shi a kaset, ya yi ta bin uban, "Papa, zo ka gani." Uban ya dawo daga ofis a gajiye, kullum amsarsa gobe. Yaro ya gaji ya daina kira. Ya gama makaranta, ya nemi aiki bai samu ba, ya yi acaɓa ya bari, wata rana ya bi 'yan uwansa samari suka nufi arewa, wai za su ratsa sahara su shiga Turai. Sau ɗaya ya bugo waya daga hanya. Tun daga nan shiru, ba gawa, ba labari.

Ban ji wannan daga bakin Malam Hammadu a zama ɗaya ba. Tsinta na yi, yau kaɗan gobe kaɗan, ina kawo masa shayi. Shi dai abin da ya taɓa faɗa mini kai tsaye shi ne, "Ya ce in zo in gani, ban zo ba. To yanzu na zo." Wallahi ranar na koma shago na kasa zira zare a allura.

Douala kuwa ba garin ajiye kaset ba ne. Ruwan sama ba ya gajiya, danshi yana shiga har cikin akwati, takalmi ma in ka bar shi mako sai ya yi fumfuna. Malam Hammadu ya sami gwangwanin madara ya cika shi da ɗanyar shinkafa, a ciki yake binne kaset ɗin don shinkafar ta tsotse laima. Kowace safiya ya tono shi, ya hure, ya goge kan rikoda da auduga, ya ɗan murɗa wata ƙaramar ƙusa a ciki, ya kunna. Hoton yakan fara zanuwa daga sama: shuɗin sama, sai gada, sai ya tsaya cak kafin a kai ga ruwa. Kwalekwalen ko ƙeyarsa bai taɓa gani ba. Na lura kuma duk audugar da ya goge da ita takan fito da wata ƙura ruwan ƙasa. Na tambaye shi, ya ce datti ne kawai.

A farkon kaset ɗin, kafin tsuwwar ta fara, akwai muryar yaron. Ya sa baki a rikoda ya ce, "Wannan na Amadu ne, kada kowa ya taɓa," sannan ya yi 'yar dariya. Shi ke nan. Ba su da wata muryarsa a duniya sai wannan, don ya tafi tun kafin wayoyin da ake aika murya su zama ruwan dare, hotunansa kuma ambaliya ta ci.

Wannan guntun na Inna Mariam ne, matar Malam Hammadu. Ita mace ce ta dā, ba ta taɓa kama sunan ɗanta na fari ba, ko da yana nan. "Yaron nan" take cewa, ko "wancan". Duk mai suna Amadu a unguwa ta sake masa suna. Sau biyu a shekara, ranar ƙaramar Sallah da babba, bayan an sauko daga idi, sai ta zo shagon da mayafinta, ta zauna a bakin benci. Mijin ya mayar da kaset farko, ta ji yaron ya faɗi sunansa da kansa, ta ce "To," ta tashi. Ba ta kuka, ba ta neman a sake.

Ni ne na ba shi shawarar ya kwafe abin a waya kafin kaset ya mutu, kuma ya karɓa hannu bibbiyu. Ya kwafa a waya, ya kwafa a faifan CD, har wani ɗan ƙaramin faifai ya tsinto a kasuwar tsofaffin kaya ya kwafa a kai. Daga kowanne ya jona wa na'urar ta saurara. Da waya ko gadar ba ta fitowa, da faifai sama kaɗai. Sai ya ce kwafin ne bai yi kyau ba, ya koma kan kaset ya sake ɗauka. Duk kwafin da zai yi kuma sai ya bari yaron ya gama magana sannan ya danna, don na'urar tsuwwa kawai take so, murya ba ta da amfani a wurinta. Shi hankalinsa na kan kwalekwale. Murya ai tana nan, kullum sai ta wuce ta gabansa, har ya daina jin ta, kamar yadda mu mazauna bakin titi muka daina jin babura.

Sai da babbar Sallar bara abin ya fito fili. Ina shago ina gama wa masu jinkiri kayansu, na ga Inna Mariam ta wuce, na leƙa in gaishe ta.

"Inna, barka da Sallah."

"Barka kadai, ɗana. Ya aiki?"

Ta zauna. Malam Hammadu ya tono kaset, ya mayar farko, ya danna. Muka ji shuuu, kamar ruwa a kan rufin kwano daga nesa. Can ƙasa-ƙasa akwai wani abu mai kama da magana, amma ko harafi ɗaya ba a ganewa. Sai tsuwwa ta fara.

"Malam, ba shi ba ne," in ji ta.

"Shi ne. Attends." Ya goge kan rikoda, ya murɗa ƙusa, ya ƙara sauti har ƙarshe. Shuuu. Ya ciro kaset ya ja zaren da bakin biro ya ɗaga shi a haske. Farkon zaren, wurin da ya fi ko'ina shan juyi tunda kullum nan ake komawa, ya koɗe har ana hango haske ta cikinsa. Ƙurar nan da yake gogewa da auduga kowace safiya, ita ce.

Ya jawo waya, ya buɗe kwafi na farko, tsuwwa. Na biyu, tsuwwa. Ya sa faifai, tsuwwa. Ni dai na sunkuyar da kai, tausayinsu ya cika mini ciki, haushinsa kuma ya kama ni, na rasa wanda zan bi.

Inna Mariam ba ta yi masa faɗa ba. Da ta yi ma da ya fi sauƙi. Ta ce, "Mayar da shi farko." Ya mayar, ya danna. Da shuuu ɗin ya fara sai ta matso da bakinta kusa da rikoda, ta ce a hankali, "Wannan na Amadu ne, kada kowa ya taɓa." Ta dakata daidai inda yaron ke yin dariya. Sannan ta ce "To," ta gyara mayafi ta fita.

Har yau Malam Hammadu yana buɗe shago da safe, da farar rigarsa, ya zauna gaban talabijin a kashe. Gwangwanin shinkafa na gida wurin Inna Mariam. Katangarmu ta yi shiru, ni da na shekara da shekaru ina tsine wa ƙarar nan yanzu sai in tsayar da keken ɗinki in kasa kunne.