Yadda na ɗauko Kaka da Ardo a mota ɗaya

Jama'a, an shirya! Kakana Malam Sale da Ardo Buba sun gaisa hannu da hannu a gaban idona, kuma bana shanu za su ci karan gonakinmu. Ku tsaya in ba ku daga farko.

Jami'armu ta shirya makon ilimin gargajiya da sulhu, aka ce kowace ƙungiyar ɗalibai ta kawo dattawan yankinta. Ni da shegen bakina na ce garinmu akwai tsohuwar yarjejeniya: in an gama girbi, manomi ya miƙa wa Ardo zangarniyar dawa, Ardo ya miƙa masa nono, sai shanu su shiga cin kara su bar mana taki. Abin da ban faɗa ba, rabon da a yi haka tun ina firamare, lokacin da shanu suka shiga kafin a kwashe amfani samari suka fasa wa juna kai. Tun daga nan Kaka da Ardo ko a jana'iza ba sa haɗa ido, gonar babana kuma kullum ƙara mutuwa take. Sai na gayyaci kowannensu a ɓoye, ban ce masa ɗayan zai zo ba.

Daga gida zuwa Tsiga

Ana idar da asuba muka hau acaɓa, Kaka rungume da tsohuwar jakarsa ta fata. Na ce ya kawo in riƙe.

"Amarya, ki riƙe wayarki, ita kika iya."

A tashar Tsiga sai ga Ardo zaune a benci, gora a cinyarsa an toshe bakinta da ganye. Na durƙusa na ce, "Baffa, an tashi lafiya?" Ya amsa mini, bai kalli Kaka ba. Kaka kuma ya tsaya yana duba tayar mota sai ka ce saye zai yi.

Hanyar Malumfashi

Direba ya ce dattawa biyu su shiga gaba. Kowa ya ce a'a. Ƙarshe ni aka dasa a tsakiyarsu a baya, buhun barkono a ƙafata, ina ta atishawa. A shingen jami'an tsaro wani ya leƙo ya nuna gorar.

"Baba, mene ne a ciki?"

"Nono ne, yaro."

"A ɗan sam mana mana."

"Yana da mai shi."

Aka yi dariya, ban da Kaka. A Malumfashi muka sauka karin kumallo, ƙosai mai zafi da kunun tsamiya. Na saya musu a leda ɗaya don dabara, Kaka ya ce mai ƙosai ta raba. Kai, na ce yau na shiga uku.

A makaranta

Bayan azahar muka isa. Ɗakin taro ya cika maƙil, har a taga mutane. Kafin mu, wani dattijo Bamaguje daga wajen Matazu ya yi bayanin yadda ake adana iri da toka, lakcarori suna ta rubutawa. Sai aka kira mu. Shugaban ƙungiyarmu, Nura, ya fito da dawa da nono da ya sayo a kasuwa, ya ce a lasifika dattawa za su ɗan gwada mana yadda ake yi.

Kaka ya juya dawar a hannu ya ajiye. "Ɗana, wannan ba wasan kwaikwayo ba ne. Wanda ya miƙa ya ɗaure kansa da jama'arsa. Kuma dawar kasuwa ba ta ƙulla komai, sai ta gonar da shanun za su shiga."

Na ce shi ke nan, na kunyata, gonar baba ma ta tafi.

Sai Kaka ya buɗe jakar nan. Zangarniyar dawa ce, ja, irin ta gonarmu ta bakin burtali. Ya miƙa wa Ardo.

"Buba, ba kafin a kwashe ba."

"Sale, ba kafin a kwashe ba. Ni zan tsaya a kan yarana." Ardo ya cire ganyen bakin gora ya miƙa masa. "Na saniyata ne, da kaina na tatsa. Ya sha hanya, in ya yi tsami laifin jikarka ne."

Kaka ya kurɓa ya ɓata fuska. "Ya yi. Kamar mai shi."

Wayyo, tafi! Ni kuka nake ina dariya, bidiyon ma rabinsa silin na ɗauka.

Komawa gida

An sauke su a masaukin baƙi na makaranta, ni na kwana ɗakin ƙawata. Da safe su biyun suka shige gaban mota suka bar ni a baya da kaya. Na leƙa na ce, "Wai ya aka yi kowa ya zo da nasa?"

Kaka ya ce, "Kin gaya wa kakarki sirri, ita kuma wurin matar Buba take sayen man shanu."

Har Tsiga suna musun wa ya fi tsufa. La'asar sakaliya muka shiga gida lafiya, alhamdu lillahi. Na gode wa Nura, da direban da ya haƙura da atishawata.

Don Allah duk wanda ya karanta ya tura wa 'yan garinmu, musamman samari: bana in an gama girbi kar kowa ya cinna wa kara wuta. Shanu na tafe.