Taɓare a Bakin Ƙofar Lakwal

Yammacin nan ba zai fita raina ba, har yau idan na tuna sai gabana ya faɗi. Bayan la'asar ne na ji dakan ƙauyen ya tsaya cak. Na leƙa taga, sai ga mata sun nufo lakwal, makarantar da ake zaɓen a cikinta, kowacce da taɓarya a kafaɗa.

A shekarar farin nan ne, ban daɗe da gama kwalej ba, aka ɗauko ni daga unguwarmu ta Kara-Kara a birni aka sa ni sakatariyar biro, wato rumfar zaɓe, a wani ƙauye gefen Tirmini. Ƙa'idar aikin ita ce a ƙirga ƙuri'u a inda aka jefa su, gaban jama'a, kafin akwati ya motsa. Mazan garin sun tafi cin rani, mata da tsofaffi ne suka yi zaɓen, wasunsu anza kawai suka ci, ƴaƴan itacen daji da ake ci don yunwa.

Dab da zuwan matan wani mutum ya shigo, ya bar motarsa a waje, ya ce wa shugaban biro, Malam Idi, wai daga sama an ce a kai akwatin can kwamin, wato ofishin ƙaramar hukuma, a ƙirga a can. Na ga Malam Idi ya fara sassautowa. Akwatin kuwa a gabana yake. Na ce a raina shi ke nan, idan matan nan suka tashi duka da ni za a fara.

Matan ba su daki kowa ba. Suka gicciya taɓarensu a bakin ƙofa, suka zauna. Ashe a garin namiji ba ya tsallake taɓarya.

Mai motar ya ce, "Iya, ku ba mu hanya mana."

Tsohuwarsu, Iya Gana, ta ce, "Ga hanya nan, ɗana, tsallaka. Wancan karon ma haka aka tafi da akwatinmu, sai a rediyo muka ji wanda muka zaɓa."

Ya dubi taɓaren, ya koma ya zauna a bencin yara.

Nan aka ƙirga. Malam Idi yana ɗaga kowace ƙuri'a, su suna gane ta da zanen jam'iyya. Sai na lura ba ma gefe ɗaya suke ba, wasu na guɗa, wasu na tsaki, suna tsokanar juna. A ranar na gane mu ma'aikata ba ma iya riƙe akwati idan masu shi ba su riƙe shi ba.

Gab da magariba na sa hannu a karkace, hawaye na zuba. Iya Gana ta dafa ni.

"Ƴar birni, kukan me? Ba mai taɓa ki. Tun ɗazu har da ke muke gadi."