Bukar Mai Dabino da Dokar Faɗuwar Farko

Shekara biyar ke nan da muka raka taubashina Bukar Mai Dabino, wanda nake tsokana da sunan bawana, makwancinsa a nan Gure, kuma har yau in na ga ƙato ya ɗaga ƙato a tele ya maka da ƙasa, sai hannuna ya tafi aljihu zan kira shi. Allah ya jiƙansa. Duk gabashin Damagaram ba a yi mai son kac kamarsa ba, wato kokowar nan ta Turawa da ake yi cikin igiyoyi da ɗan kamfai. Da na ce gabashin Damagaram ma na rage masa, ku haɗa da Cadi.

Bukar ya yi kokowa da ƙuruciya a Kelle. Shi dai ya ce bai taɓa faɗuwa ba. Ni da nake wurin na san ƙasar Kelle ta san bayansa fiye da yadda tabarmarsa ta san shi. To da wannan idon ya zo wa kac. A wurinmu wanda ya fara kaiwa ƙasa an ka da shi, magana ta ƙare, makaɗa su ɗauka. Bukar ya ƙi yarda akwai wata ƙasa a duniya da ba haka ake yi ba.

Da salula mai intanet ta shigo hannunsa, sai ya buɗe zauren sharhi a cikinta. Daga rumfarsa ta kasuwa yake rubutu, da yatsa ɗaya mai danƙon dabino, yana ɗaga salular sama yana farautar rezo, wato sabis ɗin waya. Sunayen 'yan wasan sun fi ƙarfin bakinsa, sai ya raɗa musu nasa. Ga irin sharhinsa: "Sandar Makiyayi ya ka da Buhun Gero tun shayi bai tafasa ba. Abin da ya biyo baya, dukan kujera da tsalle daga kan igiya, rashin tarbiyya ne, ba zan ɓata muku lokaci da shi ba. Shi kuma alƙalin da ke kwanciya yana bugun ƙasa, a duba ko wani abu ya ɓace masa."

Da haka Gure ta samu zakarunta daban da na sauran duniya. Wanda aka ɗaura wa kambu ana ta wasan wuta a kansa, a zaurenmu kayayye ne. Shi kuwa Sandar Makiyayi, wani siriri da kullum ake fitar da shi ranga-ranga, ya shekara yana sarauta a nan bai sani ba, don kawai ya iya taɗiya da wuri.

Jama'a suka yi ta shigowa zauren, daga Damagaram, daga Difa, daga Kano, har 'yan ci-rani daga Libiya, kuma kusan kowa zagin Bukar ya kawo shi. Shi ko murna kamar an yi masa haihuwa. Babban abokin gabarsa wani malamin lakwal ne a Damagaram, wato ɗan boko, Mushe Isufu (haka muke kiran malaman boko a nan), wanda ya rubuto dogon bayani cewa kac wasan kwaikwayo ne, an shirya komai tun kafin a hau.

Bukar ya amsa masa: "Mushe, na ji an shirya. To namijin da ya yarda a shirya masa faɗuwa gaban mata, ai ya faɗi sau biyu."

Ina tambayar kaina me zai ce da ya ga yau. Matasa na raba wa wasa taurari, suna zancen wanda ya iya fushi da wanda ya iya kuka. Wasa guda an yanyanka shi gutsi-gutsi kamar kilishi, ka ga tsalle ba ka ga faɗuwar farko ba. Na tabbata da hularsa ta tashi sama don haushi, kuma da ya ji daɗin haushin.

Bayan rasuwarsa riƙon zauren ya dawo hannuna, kuma a hannuna ya fara sanyi. Kowa ya zama mai hankali. Sharhi ya koma daidai, babu mai kuskure, babu mai gyara. A hankali sai gaisuwar Juma'a da hoton fure. Ganin haka na sanar cewa bana, ranar tunawa da shi, zan rufe. Kafin nan na je na gaya wa mai ɗakinsa, Ya Fanna, na same ta tana tankaɗe.

"Matar bawana, zauren mijinki ya mutu, zan rufe."

Ba ta ko ɗago ba. "Habu, kai dai malalaci ne tun asali. Mai taurin kai kuka rasa. Wasan makon jiya, wa ya ci?"

Na gaya mata.

"Ƙarya ne. Gwiwarsa ta kai ƙasa tun farko, ina kallo. Danna mini abin maganar."

Ashe duk shekarun nan tana kallo ta bayan kafaɗar Bukar, kuma bayansa ba ta daina ba. Ta aika saƙon murya, ta tsige sabon zakara, ta naɗa wanda aka kayar, ta ƙara da cewa shi kansa marigayin yana da son kai wajen 'yan wasa masu gemu.

Jama'a, zauren ya kama da wuta. Salulata ta yi zafin da za a soya ƙosai a bayanta. Mutanen da na ɗauka sun bar duniya suka fito. Wani daga ƙauyen Gamu ya hau tudun yashi don ya samu rezon da zai ce bai yarda ba. Kafin la'asar sai ga Mushe Isufu, wanda rabonsa da zauren tun ta'aziyya: "Ya Fanna, da girmamawa, ba ki da gaskiya ko kaɗan. Allah ya jiƙan Bukar."

Shi ke nan kowa ya ɗauka. Duk mai ƙaryata dokar sai ya rufe da yi wa mai dokar addu'a. Rumfar Bukar yanzu wani ke sayar da albasa a ciki, sharhinsa na da sun nutse can ƙasan zaure, kuma har gobe ba shi da gaskiya a kan kac. Amma ban san mamacin da ake nema wa gafara da yawan musu kamarsa ba. Ban rufe ba, kuma ba zan rufe ba. Duk wanda ya ga Ya Fanna ta yi kuskure, ƙofa a buɗe take, ya zo ya faɗa, ya cika da abin da ake cikawa.