Yatsuna Biyu da Gobarar Kasuwa

Ina da shekara goma sha tara a lokacin, ina koyon ɗinki a shagon goggona, ƙanwar mahaifina, a cikin babbar kasuwar Jos. Ita ta riƙe ni tun rasuwar Baba, a gidanta na Dutse Uku nake kwana, a kwanonta nake ci. Mace ce mai faɗa, ni kuma ga zuciyar tsiya da son a ce na isa. Shekara uku ina sa maɓalli da kalmasa, ba ta taɓa bari na yanka atamfar mutane ba, ni kuwa na ƙullace ta.

Wata Bayarabiya mai aiki a Vom, wadda muke yi wa ɗinki, ta ga kullum fuskata a murtuke, sai ta ba ni wani ɗan littafi mai hotunan hannaye. Ta ce yoga sunan abin, na mutanen Indiya ne. Mutum zai tanƙwashe ƙafa, ya haɗa kan manuniya da babban yatsa, ya rufe ido yana numfashi a hankali, yana maimaita burinsa a zuci. Tsakani da Allah ta gaya mini ba tsafi ba ne, natsuwa kawai yake kawowa don mutum ya san abin da ya sa a gaba. Ni dai abin da nake so na ji shi na ji. Kullum da hantsi kafin na tafi kasuwa sai na ɓuya a bayan ɗaki, na haɗa yatsu. Maimakon na ce ina son na ƙware na buɗe nawa shagon, abin da nake nanatawa shi ne na rabu da shagon nan, kada ƙafata ta ƙara taka shi har abada. Na yi kusan wata biyu a haka.

Sai kasuwa ta ƙone. Da safe muka isa muka tarar da hayaƙi, mutane na ta salati, Goggo ta zube a bakin titi. Kekunanta biyu da kayan mutane duk sun tafi. Ina tsaye a kanta maganar da nake nanatawa ta faɗo mini a rai. Ga shi kuwa ba zan ƙara taka shagon ba.

Daga ranar tsoro ya shige ni. Na jefa littafin a murhu, amma ban samu sauƙi ba. Na koma tsoron hannuna. Allura da yatsun nan biyu ake riƙe ta, saboda haka da Goggo ta aro keke muka koma ɗinki a zaure, na kasa zura zare. Da sun haɗu sai na shiga fargabar kada wani mugun tunani ya gifta mini ya faɗa kan wani. Ko tuwo da cokali nake ci, ana yi mini dariya wai na zama baturiya. In na ga ɗan kasuwar da ya koma talla a titi sai na sunkuyar da kai, gani nake ni na tsiyata shi. Na rame har Goggo ta zaci aljanu ne, ta fara karɓo mini rubutu.

Ranar da ta miƙo mini kofin rubutun tana lallashina, na fashe da kuka na gaya mata komai.  Sai ta ce in daina haukan banza, yatsun da ba su iya wuyan riga ba ba za su ƙona kasuwa ba, wuta ƙaddara ce daga Allah. Amma ta ce ita abin da ya fi gobarar ƙona ta shi ne, duk safiyar da take dama mini kunu, ashe ina bayan ɗaki ina fatan rabuwa da ita. Ta yafe mini, sai dai ban taɓa ganin hawaye irin nata na ranar ba.

’Yan’uwa, kada ku ɗauki abin da ba ku fahimta ba ku yi ta yi a ɓoye, ku tambayi masu sani. Kuma kafin mutum ya zauna nanata buri, ya duba ko burin nasa ne ko ƙiyayyar wani ce. Malamai sun tabbatar mini ba ni na kunna wutar kasuwa ba, na kuma yarda. Amma maganar da na yi wata biyu ina faɗa a kan matar da ta raine ni, wannan kam ni na faɗe ta.