Rabin Maganar Jauro

Matso kusa, jawo tabarmar nan ka zauna, akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, har maigidana. Kai ma don ba ka san mu ba ne zan faɗa maka.

Ni kazar gida ce, duk unguwarmu a Garwa an sheda. A nan aka haife ni, a gidan da kakan babana ya gina bayan ya gaji da fatauci tsakanin Kano da nan. Shi ya cinye yawon zuri'armu kaf, bai rage mini ko taku ɗaya ba. Gadar Binuwai ma in mota za ta hau da ni, rufe ido nake ina salati har sai na ji ƙarar taya ta canja. Makaranta aji huɗu na yi na ce ta ishe ni. Abin da Allah ya ba ni shi ne kunne. Hausa na ɗauka a bakin baba, Fillanci na sha a nono, Faransanci kuwa tsintarsa na yi a kasuwa da rediyo, guntu-guntu kamar hatsin da ya zube.

Ina 'yar shekara sha bakwai aka yi mana sababbin maƙwabta. Hausawa ne, amma daga Yawunde aka turo mahaifinsu aiki. A cikinsu akwai yarinya, na girme ta da shekara ɗaya, doguwa, mai dariya har da buga cinya. Hausarta rabi Faransanci ce, Fillanci kuwa in ka cire "jam" da "useko", wato lafiya da na gode, ba ta da ko kalma. A Garwa wanda ba ya jin Fillanci ai kurma ne a kasuwa. Sai na zama bakinta, na zama kunnenta. Ita ta saya, ni in yi ciniki. In an zage ta in rama mata, sannan in faɗa mata abin da aka ce in na ga za ta iya ɗauka. Tun ana cewa maƙwabta har aka koma cewa ga tagwayen nan.

Shekara uku muna haka, ta gama lise, wato sakandare, ta ci bak, jarrabawar fita, ta kai takardunta na konkur, wato jarrabawar shiga makarantar aikin jinya. In ta ci, tafiya za ta yi ta shekaru, daga nan kuma duk inda gwamnati ta jefa ta. Kowa na murna. Ni ma ina yi, a baki.

Da bakans ta zo, wato dogon hutu, damina ta kankama, sai ta tasa ni gaba. Wai ba za ta bar arewa ba tana jin Lagdo da Rey Buba a bakin mutane kawai. Ta san kakata ta wajen uwa tana wani ƙauye bayan tafkin Lagdo, ta wajen Rey Buba, ta ce mu je mu gaishe ta, daga can mu wuce mu ga katangar fadar Rey Buba da ake faɗa, mu dawo da sauran kwana goma ta yi bita. Na kawo uzuri ya kai bakwai, ta rushe su ɗaya bayan ɗaya. Ranar tafiya mahaifiyarta ta riƙe hannuna a tasha ta ce ni ce babba, amana ce ta ba ni, in dawo mata da 'yarta yadda na tafi da ita.

Kwanakin farko, gaskiya, daɗi. A Ngong muka sauka muka ci gasasshiyar masara da soya, wato tsire, ta sa ni na yi faɗa da mai kankana a kan wadda ya ce ja ce muka fasa ta fito fara. A Lagdo muka kwana biyu gidan ƙanin babana mai sana'ar banda, har kayanmu da gashinmu suka koma warin hayaƙin kifi. Ta hau kan madatsar ruwa tana leƙe tana kirana, ni ina gindin bishiya na ba ruwan baya. Ta ce, "Ƙawalliya, ruwan nan fa ba zai tashi ya biyo ki ba." Na ce mata ba mu yi alkawari da shi ba.

Daga can 'yan moto biyu, masu babur, suka ɗauke mu, aka zaga ta bayan tafki, yini guda cur. Mun ƙetare mayo biyu. Mayo rafi ne da Fillanci, irin wanda da rani yashi ne zalla. Ranar ruwan iya idon sawu yake, muka tattare zane muka wuce muna dariya.

Kakata ba ta jin Hausa, ko dai tana ji ta ƙi nunawa. Da ta gan ni sai ta dubi sama ta ce yau za a yi ruwa, tunda tukunya ta bar murhu. Ƙawata kuwa, tsohuwar ta shimfiɗa mata sabuwar tabarma, ta dama mata fura da kindirmo da hannunta, ni aka ce in je in ɗebo tawa.

Bakin tsohuwa ya kama. Ruwa ya sauko kwana uku ba ƙaƙƙautawa. Da ya tsagaita muka je duba hanya, mayon da muka ƙetare da ƙafa ya zama jan kogi, yana tafe da itatuwa har da mushen akuya. Wanda ke gaba, ta hanyar Rey Buba, aka ce ya fi wannan hauka. Ƙauyen ya zama tsibiri. Ba moto, ba rezon waya ko an hau tudu, sai sauro da kukan kwaɗi.

Ƙawata ta samo kara ta kafa a bakin ruwa. Kullum da safe mu je mu duba, kullum ruwan ya haɗiye shi, ta kafa wani. Ta dawo ta buɗe littafinta na bita a ƙofar bukka, tana haddace sunayen ƙasusuwan jikin mutum, kaji na bi ta kan ƙafarta. Dariyar nan ta ragu. Ranar Asabar ce jarrabawar, kuma ba a jiran kowa.

Saura kwana shida, ranar Lahadi, ta ce lallai mu je wajen jauro, mai garin, mu tambaye shi. Kakata ta raka mu. Muka cire takalma, muka durƙusa, aka yi gaisuwar nan tasu mai tsawo, jam ɗin gida, jam ɗin shanu, jam ɗin gajiya. Na faɗa masa buƙatarmu. Ya shafa gemu, sannan ya ce:

"Laawol walaa, sey koombowal."

Wato babu hanya, sai kwalekwale. Ya ci gaba da bayani a nutse: duk ranar Alhamis masu sayen kifi suna zuwa da babban kwalekwale mai inji bakin tafki, tafiyar awa ɗaya da ƙafa daga ƙauyen, da hantsi su juya Lagdo. Ya ce in iska ba ta tashi ba, kafin la'asar an isa. Daga Lagdo zuwa Garwa kuwa ai an zo gida.

Ƙawata ta zuba mini ido. Na ji bakina ya ce, "Ya ce babu hanya."

Ta ce, "Duk wannan dogon zancen?"

Na ce, "Fillanci haka yake, kamar igiyar rijiya. A jawo, a jawo, ruwan guga ɗaya ne."

Ta yi 'yar dariya, ta gode wa jauro da "useko" ɗinta, muka tashi.

Me ya sa na yi haka? Na daɗe ina ba kaina amsa mai kyau. Na ce amana ce, ba zan ɗora 'yar mutane a kan katako a tsakiyar damina ba. Na ce tsoro ne, kuma wallahi akwai tsoron. Amma akwai na uku a ƙarƙashi, wanda tun a tasha nake ɗauke da shi kamar ƙullin goro a bakin zane.

Da yamma ina taya kakata ɗaure maruƙa, ba ta ko dube ni ba ta ce jauro ya ba ni ƙwarya cike, na miƙa wa baƙuwa rabi, ina sauran? Ashe tana jin Hausar. Na fara kawo mata zancen amana da iska da mutanen da ruwa ya ci. Ta bar ni na gama, ta ja igiya ta ƙulle, ta ce:

"Ɗan maraƙin da aka ɗaure don kada kura ta ci shi, da wanda aka ɗaure don a samu nono, igiyarsu iri ɗaya ce. Mai ɗaurin ne kaɗai ya sani."

Ba ta ƙara ba, kuma ba ta tona ni ba. Ka san a wajensu ba a nuna wa baƙo hanyar fita, daidai yake da kora. Baƙo ya tambaya, a ba shi amsa sau ɗaya, shi ke nan. Duk ƙauyen sun ɗauka an faɗa mata ta ƙi, har matan suna yaba mata, wai 'yar birni ce amma ta san darajar tsohuwa, ba ta gaggawar tafiya. Su faɗa, ni in fassara mata cewa suna yabon kitsonta.

Ka ga inda na saka kaina. Ita ruwa ya tsare ta, ni bakina ya tsare ni. Litinin na ce gobe zan faɗa. Talata na ce ai in na faɗa yanzu za ta tambaye ni me ya hana ni tun Lahadi. Duk wanda ya buɗe baki kusa da ita gabana sai ya faɗi. Ni da nake cika gida da surutu na koma kamar an ɗinke ni, har tana tambayata ko zazzaɓi ne, tana taɓa goshina da bayan hannu irin na ma'aikatan asibiti.

Ranar Laraba muna tsinke ganyen yakuwa ta ce, "Wai mene ne koombowal? Tun a gidan jauro nake jin kalmar, yau ma matan can sun faɗa."

Ga ƙofa Allah ya buɗe mini har ƙasa. Na ce, "Wata irin babbar ƙwarya ce."

Ta maimaita kalmar sau biyu don ta zauna mata, ta ci gaba da tsinke ganye.

Alhamis da sassafe mata suka ɗau ƙoren nono suka nufi bakin tafki. Da hantsi iska ta kawo mana ƙarar inji daga nesa, siririya, tana tafiya tana ƙanƙancewa. Ta ɗaga kai daga littafi ta kasa kunne. Ban jira ta tambaya ba na ce injin niƙa ne. Sararin sama ranar fes, ko ganye ba ya motsi.

Ranar Asabar ba ta je duba kara ba. Ta yi wanka, ta sa rigar da ta ɗinka don ranar, ta zauna a ƙofar bukka har azahar. Daga baya ta cire ta ninke, ta ce Allah bai nufa ba, ta tambaye ni ko akwai sauran fura. Ranar Talata ruwa ya janye, muka ƙetare yana iya ƙugu, tana riƙe da hannuna don ta san ina tsoro. Rey Buba dai har yau ban gan ta ba.

Shekarar da ta biyo mahaifinta ya kwanta ciwo, ita ta yi jinyarsa har ya rasu. Ta zauna jarrabawar sau ɗaya bayan nan, karatun ya riga ya huce, ba ta samu ba. Ta koyi ɗinki, ta auri wani malamin makaranta, gidansu na uku daga namu. Duk wanda aka rubuta wa magani a unguwar nan ita yake kai wa takardar ta karanta masa, ta ce wannan kafin abinci, wannan bayan abinci. Kullum bayan la'asar tana nan gidana, mu baje a tsakar gida, 'ya'yanta suna ce mini inna. Abin da na so na samu, ba ragi. Amma ban taɓa ganin mace cikin farar riga a asibiti ban sunkuyar da kai ba.

Yanzu Fillanci a bakinta ya fi nawa, ita ke yi mini ciniki. Bara muka je wani suna a ƙetaren kogi, mun cika mota da yara. Da muka hau gada na rufe ido yadda na saba. Sai na ji ta ce wa autarta, da Hausa, a hankali:

"Leƙa ki ga babbar ƙwarya."

Na buɗe ido. Masunta ne biyu a cikin kwalekwale. Ta dube ni ta yi murmushi, irin wanda ban iya karantawa ba duk da kunnena da idona, sannan ta gyara wa yarinyar ɗankwali ta shiga zancen atamfar da mai jego za ta sa. Daga ranar ba ta sake ta da shi ba, kuma washegari bayan la'asar ta zo kamar kullum, har da ƙosai a leda.

Ga shi la'asar ta kusa, yanzun nan za ka ji sallamarta. In kai ne ni, za ka cika mata rabin maganar jauro yau, ko za ka bar ta ta ci gaba da yi mini alherin yin kamar ba ta sani ba?