Littafin Farfesa a Bencin Mai Ƙosai

Hajjo mai ƙosai ba ta san sunansa ba. Kullum kafin a busa jiniyar shiga kamfanin fatu a Challawa, sai ya zauna kan bencinta cikin rigar akawu mai koɗaɗɗen wuya, da kwalin takalmi cike da katuna. Wani littafi yake bi layi-layi, jan biro a bakinsa. In ya samu abin da yake nema, sai ya kwafe a kati yana murmushi. Hajjo ta san irin murmushin nan, na wanda aka cuta ne ya ƙi mantawa.

Yau ya miƙa mata littafin.

"Inna, farfesan da ya rubuta wannan shi ya kayar da ni a digiri na biyu na adabin Turanci, wai ban faɗi inda na ɗebo maganganuna ba. Na bi nasa kaf, ina gwada shi da littattafan laburare. Wuri arba'in da ɗaya ya kwashi maganar wasu bai ambace su ba. Katunan nan, jami'a zan kai su. Littafin kuwa, ku naɗe ƙosai da shi."

Ta yage shafin farko ta zuba masa masu zafi. Yana ci a hankali, yana kallon mai na cinye sunan farfesa.